Taguwar da Ta Kai Ƙara a Birnin Tarmai

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Sha'aban, gari ya waye da yayyafi, irin siririn nan da ba ya hana fita amma yana jiƙa mayafi. A wannan safiya na bar Zangon Marke, gari na ƙarshe da masu zana taswira suka sani, na nufi inda ba su sani ba. Abin da zan faɗa na gan shi da idona, wanda ban gani ba kuwa zan bar shi inda yake.

Sunana Sahura, sana'ata tafinta. Na yi shekaru ina tsayawa gaban alƙalai tsakanin mutanen da ba sa jin harshen juna, ina ɗauko magana daga wannan baki ina kai ta wancan kunne, ba ƙari ba ragi. Da 'ya'yana suka girma, furfura ta fara leƙowa, sai na ji labarin wani birni a bayan Farin Tafki, ana ce masa Tarmai. Wai dokarsu duka layi ɗaya ce, an sassaƙa ta a jikin dutse, kuma da ita ake yi wa kowa shari'a. Ni da na saba da kundayen doka waɗanda jaki ba ya iya ɗauka, sai na ce in Allah ya yarda sai na karanta wannan layi da kaina.

Na shiga ayarin wani madugu mai suna Korau, wanda yake kai dabino da tufafi Tarmai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya rabuwa da dorina a hannu ko da yana cin abinci. Ya jawo mini wata taguwa ja, wadda gashin wuyanta ya fara fari.

Ya ce, "Ga taki, Malama. Tsohuwa ce, za ku daidaita, don ita ma kamar..."

Na ce, "Kamar wa, Madugu?"

"Kamar dutse, Malama, kamar dutse. Amma ki sani, ba ta ji. Duk raƙuman nan babu mai taurin kanta."

"Yaya sunanta?"

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Suna? To buhunan nan ma bari mu yanka musu rago mu raɗa musu."

Na dubi taguwar, ita ma ta dube ni. Idanunta manya ne, baƙaƙe wul, da dogon gashin ido, tana kallon mutum a hankali kamar mai auna shi. Tunda ranar Laraba muka haɗu, na sa mata Balaraba.

Wahalar farko ta same mu a Kurmin Muryoyi. Itatuwan wurin sun haɗe kai a sama har rana ba ta sauka ƙasa, kuma a cikinsu akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu launin toka da ake kira 'yan-aro, don aron murya suke yi. Su kan kira matafiyi da muryar wanda ya fi kewa, ya bi, ya yi ta bi har ƙishirwa ta kayar da shi. Ayarori suna ratsa kurmin ne da babbar ganga, ana bugawa don a danne kiran. Tamu gangar kuwa damina ta jiƙa fatarta, bugu kaɗan ta yage.

Nan take na ji mahaifiyata, wadda ta rasu tun ina amarya, tana cewa, "Sahura, zo mana, tuwon zai huce." Na san ƙarya ce, amma sai da na ga ƙafata ta fara neman ƙasa. Maza suka diddiro daga raƙuma, wannan ya yi gabas yana kiran ɗansa, wancan ya yi yamma. Kafin Korau ya tattaro su mun ɓace hanya, salkunanmu kuma sun kusa bushewa.

Balaraba ce kaɗai ba ta kula da muryoyin ba. Ta ɗaga hanci sama, ta shaƙi iska, ta juya zuwa wani gefe inda babu mai kira ko ɗaya. Na ja akala, ta ƙi. Da na lura da yadda hancinta yake motsi, sai na sakar mata, na ce wa mutanen, "Kowa ya ɗaure hannunsa da igiyar raƙuminsa, raƙuman kuma a jera su bayan wannan. Wanda ya ji an kira shi ya yi kuka in yana so, amma kada ya kwance." Haka muka tafi, manyan maza suna sharɓar hawaye suna bin tsohuwar taguwa, har ta fitar da mu bakin wani rafi. Da kowa ya sha ya ƙoshi, Korau ya gyara rawani ya ce, "Ai da ma nan nake shirin biyowa da ku."

Daga nan sai Farin Tafki. Ba ruwa ba ne, gishiri ne shimfiɗe iya ganinka, fari fat, yana ƙyalli har ido ya yi zafi. Amma ɓawo ne kawai a sama, ƙarƙashinsa baƙin taɓo ne wanda ba a san iyakarsa ba. Hanyar da aka sani ta zagaye ce, Korau kuwa ya ji labarin wani ayari yana gabanmu, yana tsoron a riga shi kasuwa, sai ya ce a yanke ta tsakiya. Aka sa Balaraba a gaba.

Ta yi ta tafiya tana dafa ƙasa a hankali kafin ta sauke nauyinta. Da rana ta take, sai ta tsaya. Ta taɓa gishirin da ke gabanta da ƙafa, ta janye, ta gurfana. Korau ya zo ya daka mata tsawa, ba ta motsa ba. Ya shiga zuba mata dorina a wuya da cinya har fata ta fashe, jini yana ɗiga a kan farin gishirin. Tana kuka, irin kukan raƙumi mai fitowa daga ciki, amma ba ta tashi ba.

Na sauka na ce, "Madugu, ya isa haka. Akwai abin da ta sani."

Ya ce, "Malama, hawa na ba ki, ban ba ki ita ba."

Ya wuce gabanta, ya kama akala yana ja da baya da baya don ya nuna mata ƙasar lafiya take. Sai muka ji ƙara kamar an fasa tulu. Ɓawon ya tsage a ƙarƙashinsa, ya nutse har gwiwa. Kafin wani ya motsa, Balaraba ta miƙa dogon wuyanta, ta cafki damtsensa da haƙora, ta fizgo shi ta wurgar bayanta kamar tsumma. Inda yake tsaye ya buɗe baki ya haɗiye rawaninsa da takalminsa, ya rufe.

Ya faɗi rub da ciki, wandonsa ya yage tun daga ƙugu. Mutanensa suka yi ƙoƙari su daure, amma wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Korau ya tashi riƙe da hannunsa da ya karye, idonsa jawur, ya ce, "Ta cije ni a gaban mutanena. Wallahi sai na kai ta Majuyi." Ban san mene ne Majuyi ba a lokacin, amma na ga dariyar ta ɗauke daga fuskar kowa. Balaraba ta tashi da kanta, ta bi da mu wata karkatacciyar hanya har muka taka ƙasa mai ƙarfi.

Birnin Tarmai yana bisa wani dutse mai siffar turmi. Gidajensa da tubalin gishiri aka gina su, da hantsi sukan yi ja-ja kamar cikin kankana. Mutanensa harshenmu suke yi, sai dai suna jan ƙarshen magana. Na sauka gidan wata dattijuwa mai saukar da baƙi, Iya Tasalla, ita ce kuma ta kai ni na ga Majuyi.

Rijiya ɗaya ce ke shayar da birnin, ta huda dutsen tun daga sama har gindinsa. A bakinta an kafa wani ƙaton gungume mai hannuwa, dabbobi suna zagayawa suna juya shi, igiyoyi suna naɗewa a jikinsa, gugogi suna hawowa cike da ruwa. Wannan shi ne Majuyi. Na tsaya ina sha'awar aikin, har raƙumi na farko ya zo daidai inda nake. Inda idonsa ya kamata ya kasance, farin tabo ne. Na bayansa ma haka, da takarkarin da ke binsu, duka.

Iya Tasalla ta ce, "Da ƙarfe mai wuta ake yi, 'yar nan. Duk dabbar da aka kawo Majuyi sai an kashe mata ido. Ranar kasuwa da safe ake kai sababbin dabbobi maƙera, gobe ke nan."

Na tafi wurin Korau na roƙe shi ya sayar mini da Balaraba. Ya ce, "Ba ta hannuna. Kuma ba sayarwa na yi ba, kyauta na ba Sarkin Rijiya, don kada ma wani ya ce zai fanshe ta."

Da na rasa abin yi, sai ƙafata ta kai ni wurin abin da ya kawo ni garin. Dutsen doka yana ƙofar majalisar alƙali, baƙi ne, ya fi mutum tsawo. Ga abin da aka sassaƙa a jikinsa: *Duk mai ji, idan an cuce shi, a ji shi.* Na karanta, na sake karantawa. A gaban dutsen akwai wani turke da hannuwa suka goge har yana sheƙi. Iya Tasalla ta ce sunansa Turken Kuka. Duk wanda ya taɓa shi, dogari zai buga ganga, daga nan babu mai ikon sa masa hannu sai alƙali ya saurare shi. Amma ba a taɓa wa wani, mai kukan ne zai taɓa da jikinsa. Jariri ma ɗauko shi ake yi a ɗora hannunsa.

Na ce, "Iya, ta ina ake bi da dabbobi zuwa maƙera?"

"Ta nan gaban, babu wata hanya."

"Kina da kanwa a gida?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kanwar miyata za ki ƙarar a kan raƙumi?"

Washegari da sassafe na jiƙa kanwar ta yi kauri, na ɗauki muciyar Iya, don kada hannuna ya taɓa turken a ce ni ce mai ƙara. Ina cikin shafawa dogarin ƙofa ya matso.

"Baƙuwa, me kike yi wa turke?"

"Kanwa nake shafa masa. An hana ne?"

Ya sosa ƙeya. "Ba a hana ba. Ba a dai taɓa samun wanda ya yi ba."

Da hantsi aka taho da dabbobin a jere. Balaraba tana tsakiya, mutum biyu riƙe da akalarta, raunukan wuyanta ƙudaje suna bi. Tun da muka baro Zangon Marke ba a ba ta kanwa ba, raƙumi kuwa yana sonta kamar yadda yaro yake son zuma. Na ga hancinta ya motsa. Ta tsaya, ta juya, ta ja mutanen nan biyu kamar ba kowa a igiyar, ta zo ta sa harshe a Turken Kuka tana lasa. Da ta gama gefe ɗaya, ta jingina wuyanta a kai ta zagaya ɗayan.

Kasuwa ta tsaya cak. Dogarin ya ɗaga makaɗi, ya sauke, ya dubi jama'a.

Iya Tasalla ta ɗaga murya daga baya, "Buga mana, Ɗan'auta! Ko an rubuta maka ƙafa nawa mai ƙara zai zo da su?"

Ya buga.

Alƙalin Tarmai wani siririn tsoho ne mai suna Cindo, ba ya gaggawar magana. Aka shigo da Balaraba filin majalisa, ta gurfana a gabansa tana tuƙa. Ya dube ta ya ce, "Na daɗe ban ga mai ƙara da ya iya gurfana haka ba. Wa zai yi mata magana?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ce. Tafinta ce ni."

"Kina jin raƙumanci?"

"Kaɗan, Allah ya gafarta Malam. A hanya na fara koyo."

Wanda ya tsaya a ɗaya gefen shi ne Sarkin Rijiya Jatau, dattijo mai natsuwa, wanda ruwan gari duka yake wuyansa. Bai yi fushi ba, bai kuma yi dariya ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, dutse ya ce mai ji. Mai ji shi ne wanda za a yi wa magana ya gane. A kira ta a tambaye ta, in ta amsa na janye."

Alƙali ya yi wa sanƙira, mai shelar majalisa, alama. Sanƙira ya tsaya gabanta ya ce da ƙarfi, "Ke Balaraba, kin ji abin da ake faɗa?" Ta dube shi, ta yi wata doguwar gyatsa. Majalisa ta kwashe da dariya. Korau, wanda aka kira shaida, ya miƙe da hannunsa a ɗaure ya ce, "Ni na fi kowa saninta, shekara da shekaru tana hannuna. Na rantse ba ta ji! Ko baƙuwar nan na gaya mata tun ranar farko."

Jatau ya ce, "Shaida ke nan daga bakin mai ita."

Na ga alƙali ya fara gyaɗa kai. Ta ƙofar majalisa ina hango hayaƙin maƙera. Na nemi izinin yin tambaya, aka ba ni.

Na ce, "Idan kurma ya taɓa turke, ana sauraronsa?"

Alƙali ya ce, "Ana yi, da hannu yake bayani."

"Jariri fa, wanda bai san ko sunansa ba?"

"Waliyyinsa ne bakinsa."

"To ashe jin da ke jikin dutse ba na kunne ba ne, ba kuma na gane magana ba ne."

Jatau ya ce, "Malama ta iya zance. Amma kurma da jariri 'yan Adam ne, mun san abin da ke jikinsu don irin namu ne. Raƙumi kaya ne, kamar buhu, kamar sirdi. Wa ya taɓa shiga cikin fatarsa ya dawo ya ba mu labari?"

Maganarsa tana da nauyi. Sai na juya wurin Korau, wanda yake da amsarta.

"Madugu, ka tuna da muka fito daga Kurmin Muryoyi, wani buhun dabino ya yi ta zamewa yana faɗuwa, ya ɓata mana lokaci?"

"Na tuna, ɗan banzan buhu."

"Ka zane shi da dorina?"

Ya dubi jama'a yana murmushi, ya nuna kansa da yatsa. "Malama, rana ta taɓa ki ne? Ni mahaukaci ne da zan daki buhu? Buhu yana ji ne?"

"Gaskiyarka. To waɗannan raunukan na wuyan Balaraba fa, ƙaya ce ta karce ta?"

"Wace irin ƙaya? Ni ne nan na zane ta, kuma ko gobe ta ƙara in ƙara!"

"Don me ka zane ta, Madugu?"

"Don ta ji mana! Kuma ta ji, wallahi ta ji a jikinta, har hawaye sai da ta yi, ku tambayi..."

Bai ƙarasa ba. Sai wata mata ta rangaɗa guɗa daga baya, wuri ya kaure. Korau yana ɗaga hannunsa mai lafiya yana cewa, "Ba wannan jin nake nufi ba! Ba shi nake nufi ba!"

Da dogarai suka tsayar da hayaniya, alƙali ya ce, "Wanne kake nufi, Madugu? Ɗazu ka rantse ba ta ji, yanzu ka rantse ta ji. Duka biyun na yarda da kai. Ba ta jin maganarka, tana jin dorinarka. Dutsen kuwa bai ware wani ji ya bar wani ba."

Jatau bai zauna ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, saura ruwa. Ba mugunta ce ta sa muke kashe musu ido ba. In an bar su da ido, zagayen nan yana sa su jin jiri, in kuma suka hangi bakin rijiyar sai su ji tsoro su ƙi..." Ya tsaya. Ya shafa gemunsa, ya yi ɗan murmushi. "Na ji abin da na faɗa."

Alƙali ya ce, "Mu ma mun ji. Kafin a fara ƙarfen nan, da me kakanninka suke jan ruwa?"

Jatau ya amsa. Ya ce a da ana saƙa wa dabbobin marufin ido na kaba, a ɗaura lokacin aiki, a kwance in an gama, ana kuma sauya su kafin su gaji. Amma wannan yana bukatar dabbobi da yawa da masu kula da su, ruwan kuma ba zai riƙa isa unguwannin sama da wuri ba. Ƙarfe ya fi sauƙi, shi ya sa aka koma masa.

Alƙali ya ce, "Ya fi mana sauƙi. To wahalar ta dawo kanmu, mu da muke shan ruwan."

Ya tambayi mutanen Korau inda maigidansu zai kasance yau da taguwar ba ta cije shi ba. Babbansu ya ce, "Yana can tare da rawaninsa, Allah ya gafarta Malam." Daga nan ya yanke hukunci, sanƙira yana maimaitawa don na waje su ji. Ya ce dabba tana cikin masu ji, dutse ya rufe ta kamar yadda ya rufe kowa. Mutum yana iya hawanta, ya yi aiki da ita, ya yanka ta don ci in ya kyautata yankan, amma ba shi da ikon ya makantar da ita, ko ya dake ta har jini, ko ya hana ta ruwa. Duk dabbar da ke aiki, mai ƙafa ko mai fiffike, tana da hutun yini guda a mako. Wadda aka cuta kuma, duk wanda ya gani ya kawo ta turke, ba sai an shafa kanwa ba. Game da Balaraba, tunda kyauta aka ba rijiya, ta zama ta gari, gari kuwa ya sallame ta daga aiki.

Aka aika maƙera aka ɗauko ƙarfen, har yanzu da ɗuminsa. Alƙali ya ce maƙeri ya mayar da shi ƙararrawa.

Akwai abin da hukunci bai iya gyarawa ba. Da aka kwance tsofaffin dabbobin Majuyi, aka ce su tafi makiyaya, sai suka ci gaba da zagaye a fili, don ba su san wata tafiya ba sai wannan. Mutane da yawa suka kau da kai. Jatau da kansa ya karɓi sabuwar ƙararrawar ya rataya wa Balaraba a wuya. Ta kama hanyar gangara zuwa makiyayar da ke gindin dutse, ƙararrawa tana kaɗawa. Raƙumi ɗaya ya daina zagaye ya karkata kunne, ya bi. Sauran suka jeru a bayansa. Mutanen Tarmai suka tsaya a kan ganuwa suna kallo har layin ya shiga ciyawa.

Alƙali ya nemi in zauna in zama tafintar masu ƙara marasa baki har a horar da wasu, na yarda. Aikin bai zo da sauƙi ba. Matan unguwannin sama sun yi ta yi mini habaici a kan jinkirin ruwa, wani mai jaki kuma ya daina amsa gaisuwata. Amma ban ga wanda ya nemi a dawo da ƙarfe ba.

Ana gobe ayarinsa zai juya, Korau ya zo ƙofar Iya Tasalla, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Malama, akwai wata tsohuwa a Zangon Marke, Kuluwa. Ita ta reni taguwar nan da nonon akuya, uwar ta mutu wurin haihuwa. Duk na wuce sai ta tare ni ta ce yaya 'yarta. In na koma babu ita, za ta ɗauka na kashe ta, kuma ba za ta yarda da bakina ba. Ke ki rubuta mata."

Na ce, "Zan rubuta, Madugu. Yaya hannun?"

"Ina jinsa," in ji shi, sai ya harare ni. "Kada ki ce komai."

Na rubuta wasiƙar a takaice: *Iya Kuluwa, 'yarki tana Tarmai cikin ƙoshin lafiya. Idanunta biyu suna nan. Ta kai ƙara gaban alƙali ta yi nasara, yanzu ba ta ɗaukar kaya, makafi take ja zuwa kiwo.* A Tarmai tantabaru ne suke kai wasiƙu ƙetaren tafki, don haka na hau soron mai kula da su, wani mutum mai suna Nomau, na miƙa masa.

Ya ce, "Yau ba aika, Malama. Ranar hutunsu ce."

"Ƙarama ce, ba ta da nauyi."

"Ko gashin kaza ce. Ke kika jawo mana, kuma in na tashi ɗaya yau, gobe ke ce za ki tsaya mata a gaban alƙali."

Na mayar da wasiƙata cikin mayafi na sauko. Washegari na koma, ya ce tantabarar Zangon Marke tana kwance a kan ƙwai, sai ta ƙyanƙyashe 'ya'yan sun yi ƙwari. Na yi ta hawa soron nan ina saukowa, Nomau yana yi mini dariya, har wata safiya ya tare ni da tantabarar a hannu. Ya ɗaura mata takardar a ƙafa, ya ba ta ruwa ta sha, ya buɗe tafinsa.

Ta tashi ta zagaya birnin, ta yi ƙasa ta bisa makiyaya. Daga soron na hango Balaraba a gaban jerin makafinta. Ta daina kiwo, ta ɗaga kai, ta bi tantabarar da ido har ta shige farin tafkin.